Bargon Alhaji Ɗayyabu da Iskar Kabon

Abokina Jazuli, wannan da kuke jin muryarsa a rediyo yana ja mana kunne kan sare itatuwa da ɗumamar yanayi, saura ƙiris bakinsa ya raba shi da matar aure. A gabana aka yi komai, don ni na ja motar masu neman auren, saboda haka ba labari aka ba ni ba. In kun ji gishiri ya ɗan yi yawa a wani wuri ku yi haƙuri, hannuna ne.

Jazuli ɗan Haɗeja ne, aikin koyarwa ya kawo shi Funtuwa. Labarin ƙasa yake koyarwa a sakandare, sannan wani ƙaramin gidan rediyo ya ba shi fili duk mako yana bayani kan muhalli. Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ya faro maka daga ranar da Turawa suka fara ƙona kwal. Mu abokansa mun san maganinsa, da ya gyara zama ya ce "ka gane ko," sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Wata rana wani mai sauraro ya bugo waya yana tambaya, wai ina sanyin da aka san Funtuwa da shi, wanda a da mutum kan tashi da asuba ruwan buta ya gagari hannunsa? Jazuli ya yi bayaninsa na iskar kabon, yadda hayaƙin motoci da masana'antu da itacen da muke ƙonawa ke tara ta a sama, ita kuma ta hana zafin ƙasa ficewa. Da ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Sai daɗin baki ya ɗebe shi ya ce, "In aka ci gaba a haka, masu sayar da bargo a Funtuwa gara su fara koyon sayar da ƙanƙara tun da wuri." Ya yi dariyarsa, ya rufe fili, ya tafi gida ya manta.

Alhaji Ɗayyabu Mai Bargo kuwa bai manta ba.

Duk wanda ya san kasuwar Funtuwa ya san rumfarsa. Dogo ne mai wushirya, ga murya kamar ta ladan, kuma a sayar da bargo ya yi furfura. Abin da ya fitar da sunansa wani bargo ne da shi da kansa ya raɗa wa suna Ɗan Shafal. Ni ma na taɓa saye, don haka ba sharri zan yi masa ba: in ka ɗaga shi sama kana iya gane mai tahowa, har ka yanke shawarar ko gaishe shi za ka yi ko kaucewa. Amma Alhaji na da karatun da yake biya wa duk wanda ya yatsina fuska. Sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ba kauri ke riƙe zafi ba. Shi bargo wuta gare shi? Ɗumin jikinka yake tarewa ya mayar maka. Ko ya kai ɓawon albasa rashin kauri, in dai saƙar ta yi, wallahi ya gama aiki." Da wannan karatun ya gina gida, ya sauke farali, ya aurar da 'ya'ya, kuma da wuya ka shiga gida a garin ba ka tarar da Ɗan Shafal ba, ko da an mayar da shi labule.

Ranar da Jazuli ya yi waccan magana, rediyon telan da ke maƙwabtaka da Alhaji a kunne take, an kuma ƙure mata murya. Dama kasuwar bargo ta ja baya, ran Alhaji a jagule yake. Tun daga ranar bai sake shan ruwa da daɗi a kasuwar nan ba. Mai wucewa sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, ƙanƙarar ta iso kuwa?" Wani maras kunya ma ya samo tsohuwar kular ƙanƙara ya ajiye masa a bakin rumfa. Alhaji bai san fuskar mai maganar rediyon ba, saboda haka ya ɗauki gaba da iskar kabon ita kanta, kamar sun haɗa iyakar gona. Ya sa aka riƙa tura masa saƙonnin murya na masu musun abin, yana saurare yana haddacewa. Kafin wani lokaci ya zama in ka ce "zafi" a gabansa, ko shayi kake nufi, sai ka sha lacca.

Ana nan sai zazzaɓi ya kwantar da Jazuli a asibiti, ya faɗa hannun wata ma'aikaciyar jinya mai suna Batula. Ta yi masa allura, ya warke daga zazzaɓi ya kamu da wani abin daban. Mace ce mai hankali da haƙuri, ita kaɗai na taɓa gani ta saurari bayanin Jazuli har ƙarshe, ta kuma yi tambaya a kai. Ita ce autar Alhaji Ɗayyabu. Ta san da maganar ƙanƙara sarai, don a gidansu an fi jin ta fiye da sallama, amma ta ja bakinta tana fatan mahaifinta ba zai haɗa muryar da fuskar ba.

Ni na raka shi gaisuwar farko. Muka tarar da Alhaji a ƙofar gida yana jan carbi. Jazuli ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya ce, "Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya?"

Carbin ya tsaya.

"Sake faɗa," in ji Alhaji.

"Mun same ku lafiya, Baba?"

"A'a. Ce mini 'jama'a masu saurare.'"

Jazuli ya kalle ni, na kalli ƙasa. Ya ce, "Jama'a masu saurare."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda Allah ya amsa wa addu'a. Ya ce, "Kai ne."

Bayan kwana biyu saƙo ya iso. Alhaji ya bincika, bai sami wani aibu a halin yaro ko asalinsa ba. Manya su zo, amma da sharaɗi biyu da ba a saba ji ba. Na farko, a zo da shi mai neman auren, alhali kowa ya san manya kaɗai ke wannan zama. Na biyu, zai faɗi da bakinsa a gaban mutane cewa maganar iskar kabon ƙarya ce, ya kuma maimaita a rediyo. In ya faɗa, a karɓi goro a sa rana. In ya ƙi, ga gari nan cike da 'yan mata, ya nemi 'yar mai ƙanƙara.

Jazuli ya kira Batula a gabana. Ita kuwa ba ta ja zancen ba. Ta ce, "In ka ƙi faɗa, Baba zai hana. In ka faɗa, ni zan fasa. Ban shirya zama da mutumin da ke sauya gaskiya don a ba shi mata ba." Ta kashe wayarta. Na daɗe da sanin Jazuli, ranar na fara ganin ya rasa abin cewa, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Mahaifinsa ya rasu, don haka sai muka tafi Haɗeja ɗauko ƙanen mahaifin nasa, Baffa Hudu. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana kai busasshen kifi Kudu. Gajere ne, baki ba haƙora sosai amma cike da tsiya. Jazuli ya zauna ya faro masa labari daga kwal ɗin Turawa, Baffa ya fara gyangyaɗi tun ba a ƙirƙiro jirgin ƙasa ba. Sai da aka ambaci sunan surukin ya buɗe ido.

"Wane Ɗayyabun? Wani dogo mai wushirya, rumfarsa kusa da teloli?"

"Shi ne, Baffa. Kun san shi?"

Baffa ya ɗan murmusa. Ya tashi ya shiga ɗakin matarsa, muka jiyo 'yar hayaniya tana cewa to ita da me za ta yi aiki gobe, sannan ya fito da wani abu a ƙunshe cikin baƙar leda. A hanya tambaya ɗaya ya yi, wai shi Alhajin wace hujja ya fi ji da ita. Jazuli ya gaya masa. Baffa ya ce "madalla," ya jingina kai ya yi ta barci har Funtuwa, leda na kan cinyarsa.

Ranar zaman tsakiyar bazara ce, ga shi an ɗauke wuta. Falon Alhaji ya cika. Akwai limamin unguwa, Malam Sabi'u, akwai ƙannen Alhaji, sannan ya gayyato maƙwabtansa na kasuwa har da telan nan mai rediyo, don su shaida ranar da za a wanke shi. Fanka mai caji guda ce a ɗakin, kuma Alhaji kaɗai take kallo. Ƙofar da ke shiga cikin gida an rufe ta da labule, amma da yake Ɗan Shafal ne, muna ganin matan gidan tsaye a bayansa sun kasa kunne, Batula a gaba.

Kun san tsakanin Bakatsine da Bahaɗeje akwai wasa, ba a gaisawa sai an taɓa juna, ga shi Alhaji Bakatsine ne. Da aka gabatar da Baffa, Alhaji ya ce, "Ashe bayina ne suka zo. Shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙarnin kifi."

Baffa ya ce, "Mun zo duba dukiyarmu ne, mu ga yadda kuke kula mana da ita."

Aka yi dariya, aka ajiye goro da alawa a tsakiya. Alhaji bai gane Baffa ba, Baffa kuma bai tuna masa ba. Ya nemi lungu ya zauna ya rungume ledarsa. Jazuli na durƙushe a bakin ƙofa, kai a ƙasa, kamar yadda ya kamaci mai neman 'yar mutane.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Malam na rediyo. Ba zan zalunce ka ba, sai na nuna maka kuskurenka tukuna. Wannan iska taka, kabon dayoksaid take ko wa, ka taɓa ganin ta?"

"A'a, Baba."

"Ka taɓa jin warinta?"

"Ba ta da wari, Baba."

"Launi fa?"

"Babu, Baba."

Alhaji ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun ji. Ko aljani akan sami wanda ya ce ya ga kofatonsa."

Ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar lemo da aka tanada musamman, ya fasa, ta yi huci. "Wannan da ta fita yanzu, wace ce?"

"Ita ce, Baba."

Alhaji ya kafa kai ya sha rabi, ya yi gyatsa. "Sanyi ƙalau. Ga ta nan a cikina. In gobara ta tashi ku kawo ruwa."

'Yan kasuwa suka bushe da dariya. Jazuli ya buɗe baki zai yi zancen firji, na zungure shi.

"Ni da kai ita muke fitarwa in mun yi numfashi, ko ba haka ba? Masarar gonata ita take ci, ko ba haka ba? To abincin masara ne zai dafa duniya?"

"Haka ne, Baba, abincinta ne. Sai dai ko taki in ya yi yawa ƙona shuka yake."

Tela ya gyaɗa kai. Alhaji ya watsa masa wani kallo, sai tela ya mayar da gyaɗawar ta zama korar ƙuda.

"Ni ban ce ba a zafi ba," in ji Alhaji, yana ƙara karkato fankar wajensa. "Ana yi. Amma zafi na Allah ne, rana ce ta ƙara wuta. Ga kwano, ga siminti, ga kwalta an malale gari. Kakana ya ba ni labarin shekarar da kaji suka riƙa faɗuwa a tsakar gida, lokacin ko keke bai zo Funtuwa ba. Hayaƙin wa ya yi wannan?"

"Komai na Allah ne, Baba, amma Yakan sa sababi. Kwano da siminti suna ƙara wa gari zafi, gaskiya ne, sai dai har tsakiyar teku an auna an ga ƙari, can kuwa ba kwano. Ita ma ranar masana suna auna ta, ba su ga ta ƙara wuta ba."

"Wa ya je ya auna? Da wane tsani?"

Aka sake dariya. Ni dai ina kallon bayan rigar Jazuli, ta jiƙe sharkaf ta manne.

"Kuma su waye masanan? Ba Turawa ba ne? Su suka ƙona kwal ɗinsu suka yi arziki, suka cika sama da hayaƙi, yanzu su dawo su ce matata kar ta hura murhu?"

"Wannan kam gaskiyarku ce, Baba. Su suka fi kowa laifi, mu kuma mu muka fi shan wahalar."

Alhaji ya yi turus. Bai shirya wa a yarda da shi ba. Ya ce, "Ban ce ka goyi bayana a nan ba. Tsaya a inda kake."

Sai ya gyara babbar riga, muka san an zo kan hujjar da ya fi ji da ita.

"Gaya wa mutanen nan. A cikin iskar duniya duka, ita wannan aba nawa ce?"

"Kaɗan ce, Baba. In aka kasa iska kashi dubu goma, ita ba ta wuce kashi huɗu da ɗan wani abu ba."

"Huɗu. A cikin dubu goma. Malam Liman, ka ji da kunnenka. Ƙwayar masara huɗu a cikin tiya, ita ce za ta hana zafi fita daga duniya. Ta yaya? Yi mana bayani."

Nan Jazuli ya shiga uku, don misali ɗaya ne duk malaman duniya ke bayarwa a wannan gaɓa, kuma shi ne kalmar da ya rantse mini a mota ba za ta fito daga bakinsa ba. Ya ce, "Wato Baba, ita ba wuta gare ta ba. Zafin da ƙasa ke fitarwa take tarewa ta mayar mata. Kamar dai... kamar mayafi. Kamar abin rufa. Kamar..."

"Faɗi mana. Bargo kake son cewa."

Jazuli ya ƙara sunkuyar da kai.

Alhaji ya miƙe zaune, ido ya yi ja. "Ni za ka koya wa bargo? A cikin bargo aka haife ni, a cikinsa na yi furfura. Bargo sai da kauri, yaro. Wallahi tallahi abu shara-shara bai taɓa riƙe zafi ba, kuma ba zai taɓa riƙewa ba. Ga Liman nan shaida ne, na rantse."

Alhaji ya nuna goro da yatsa. "To bismilla. Ka ce ƙarya ce, a karɓa a yi addu'a."

Na ga inuwar Batula ta matso jikin labule. Jazuli ya gyara durƙuso. Da ya yi magana, muryar ba irin ta rediyo ba ce. "Baba, maganar ƙanƙara wauta ce, na ci mutuncin sana'arku ba da sanina ba. Ku yafe mini, kuma zan nemi afuwa a rediyo da sunanku. Amma ɗayar ba zan iya ba. Abin da nake koya wa 'ya'yan mutane ke nan, kuma na yarda gaskiya ne."

Alhaji ya sa hannu ya turo ƙunshin goron gabanmu. "Ku ɗauki kayanku. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Har na fara laluben makullin mota a aljihu, sai muka ji ƙarar leda daga lungu.

"Kafin mu tashi," in ji Baffa Hudu, "ina da 'yar tambaya ga Malam Liman. Ni ban san kabon ba, ban san ubansa ba. Yaron nan ya yi mini bayani na yi barci, in ya sake ma barcin zan yi. Tambayata ta addini ce."

Ya zare wani tsumma ruwan ƙasa ya warware, ya ɗaga shi saitin taga. Haske ya ratso ta cikinsa ya sauka a fuskar Alhaji, ko inuwa bai yi ba.

"Bakatsine, ka gane ɗanka?"

Alhaji ya ƙura ido. Tela ne ya riga shi. "Ɗan Shafal ne. Na farko-farkon nan ma, mai jan baki."

"Shi ne," in ji Baffa. "Shekaru sama da ashirin ke nan, motata ta lalace a garin nan ana tsakiyar ɗari. Na je rumfar wannan bawan Allah na ce ya ba ni bargo mai kauri. Ya miƙo mini wannan. Na ce kai, wannan ai ko sauro sai ya yi mini dariya. Ya dafa ƙirji ya ce... Tela, kai ne maƙwabcinsa, me ya ce?"

Ba tela kaɗai ba, duk 'yan kasuwar da ke falon suka ɗauka baki ɗaya kamar ɗalibai: "Wallahi ba kauri ke riƙe zafi ba. Ɗumin jikinka yake tarewa ya mayar maka." Har daga bayan labule na ji wata murya ta ƙarasa da zancen ɓawon albasa.

"Allah Ya yi muku albarka. Na saya na kwana a ƙarƙashin mota. Da gari ya waye sai da yaran gareji suka tallafe ni, gwiwoyina sun ƙi miƙewa. Na koma rumfarsa ina karkarwa. Ya sake rantsuwa ya ce bargonsa lafiyarsa lau, jikina ne ba shi da ɗumin da za a tare, wai mu Haɗejawa jinin kifi gare mu. Ni kuma da yake Musulmi ya rantse mini, na yarda. Har maganin ƙarin jini na saya. Bargon kuma ban yar ba, uwargida ke tace kamu da shi, ta ce ba ta taɓa samun matacin da ya kai shi ba."

Liman ya sa hannun riga ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa.

"To Malam, ga tambayar. Mutum ya yi shekaru yana rantsuwa cewa abu marar kauri yana riƙe zafi. Yau kuma a gabanka ya rantse cewa abu marar kauri bai taɓa riƙe zafi ba. Duka biyun za su tsaya?"

Liman ya yi tari ya daidaita fuska. "To, a gaskiya, dole ɗaya ta faɗi."

"In tsofaffin ne suka faɗi, azumi nawa ke kansa? Don in uku-uku ne, sai dai jikokinsa su ƙarasa masa."

"Ai wannan ta wuce azumi," in ji Liman. "Rantsuwar da aka yi a kan ciniki, mutum yana sane ba haka abin yake ba, ba ta da kaffara. Sai tuba, da mayar wa kowa haƙƙinsa." Sannan ya ƙara a hankali, "Ni ma akwai guda biyu a gidana."

"Ni huɗu," in ji tela.

Na ga Alhaji ya kalli ƙofa, kamar yana hango mutanen Funtuwa sun yi layi tun daga kasuwa har gidansa, kowa da Ɗan Shafal a kafaɗa.

"In kuma ta yau ce ta faɗi fa?" in ji Baffa.

"Ta yau, in a kan zato ya yi ta, yana ganin haka ne alhali ba haka ba ne, babu komai a kansa. Sai dai ya janye."

Baffa ya juya ga Alhaji, ya naɗe hannuwa a ƙirji. "To, ubangidan bayi. Ɗan Shafal yana riƙe zafi ko ba ya riƙewa?"

Fankar nan tana ta yi, amma gumi ya karyo wa Alhaji har yana ɗiga daga gemu. Ya kalli Liman, Liman ya kalli silin. Ya kalli ƙannensa, kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa.

"Yana riƙewa," ya ce can ƙasa.

"Ban ji ba, kunnen direba ne."

"Na ce yana riƙewa."

"Duk da rashin kaurinsa?"

"Duk da rashin kaurinsa."

"Don ba kauri ke riƙe zafi ba?"

"Kai Bahaɗeje, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. To shi yaron nan me ya faɗa da ya wuce karatunka? Ni da na ji shi yana yi, na zaci a rumfarka ya yi makaranta. Yanzu kana so ya hau rediyo ya ce abu marar kauri ba ya riƙe zafi, duk Funtuwa na ji? Ni ba ruwana, in ka ce ya faɗa, gobe zai faɗa."

"Kar ya faɗa," in ji Alhaji da sauri.

Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle, har matan bayan labule. Alhaji ya yi ta maza ya ɗaure fuska, amma wushiryar ta ƙi ɓuya. Ya sa hannu ya jawo ƙunshin goron nan da ya ture, ya tura shi gaban ƙanensa. "Karɓi. Malam, a yi addu'a. A sa rana bayan sallah, kafin wannan tsohon ya tono wani abin."

Aka shafa fatiha. Jazuli bai iya ko godiya ba, hawaye ne kawai da gumi suka haɗu a fuskarsa. Da na waiga, inuwar Batula ta bar jikin labule, sai guɗa muka jiyo daga cikin gida.

Alhaji ya rako mu har bakin mota, ga jama'a a tsaye ana ta musabaha. Da alama ya ga bai kamata a watse bai ce komai ba, sai ya ɗaga murya yadda 'yan kasuwa za su ji.

"'Ya dai na bayar, don yaron yana da kunya. Amma kowa ya shaida, ni Ɗayyabu har gobe ban yarda akwai wani bargo a sama ba."

Baffa Hudu na ninke tsummansa yana mayarwa cikin leda, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ba sai ka yarda ba, Alhaji. Shi ba irin naka ba ne, yana aiki ko ba a yi masa rantsuwa ba."